Mai Riƙon Igiyar Rijiyar Nomau

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi, ya rasu ranar kasuwar garinmu da hantsi. Yana zaune a kan buzunsa a zaure, carbi a hannu, takalmansa a jere kamar mai shirin fita. Saƙon ya iske ni a Maraɗi. Kafin mota ta bi da ni ta Agiye ta sauke ni Gazawa, in hau babur in ƙarasa Rijiyar Nomau, an riga an kai shi makwancinsa.

Na tarar da ƙofar gida cike. Matan unguwar Gobirawa sun shigo da fura tun ba a aika musu ba. Wani tsohon Bafillace da ke shayar da shanunsa a rijiyar gari ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi zama, ya ce da ni da Fillanci yanzu wa zai riƙa raba su faɗa a bakin ruwa. Matar kawu, wadda muke kira Inna, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kama hannuna ta ce, "Igiyarsa tana cikin rumbu. Shekaranjiya ya sa na duba masa ko ɓera ya taɓa."

Can a kusurwa aminin kawu yana zaune, tsohon da shi ne babba a unguwar Gobirawa. Tare suka yi ƙuruciya, kuma ban taɓa ganin ranar da suka rabu ba su yi gardama ba. Da na durƙusa na yi masa gaisuwa sai ya ce, "Bakatsinen nan ya yi mini wayo. Mun yi da shi ni za ni fara tafiya, ya riƙe mini likkafani." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya sauka kan babban ɗan kawu, wato taubashina, wanda ke karɓar gaisuwa a bakin ƙofa. Duk wanda ke zauren ya san abin da ke cikin kallon nan.

A garinmu, kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka, ana yasar tsohuwar rijiya. Wanda ke shiga cikinta daga gidan Gobirawa yake fitowa, wanda ke riƙe masa igiya kuma daga gidanmu. Tun ina yaro kawu ne mai riƙon. Yanzu bazara ta shigo, ba a yi yasar ba, igiya ta faɗo hannun taubashina. Bayan abin da siyasa ta sa ya faɗa a kan Gobirawa, babu mai tabbacin za su yarda ɗansu ya sauka cikin rami ransa yana hannunsa.

Sai na ba da labarin sunan garin kafin a gane abin da ya faɗa ɗin, kuma zan ba da shi yadda kawu yake ba mu, yana murza kabar igiya a cinyarsa.

Kakan gidanmu daga kudu ya fito, ƙasar Katsina, da iyalinsa da 'yan awakinsa, yana neman inda masu karɓar haraji ba su san hanya ba. Kakan Gobirawa kuma daga wajen Tibiri ya gangaro neman sabuwar gona. Wurin nan a lokacin daji ne, sabara da kalgo da manyan gawo, kuraye na zagaya bukka. In muka tambayi kawu wa ya riga zuwa, sai ya ce, "Ko su ba su sani ba. Wannan na saran daji daga gabas, wancan daga yamma, sai kowa ya ji ƙarar gatarin wani." Abin da ya haɗa su ƙishirwa ce. Tafkin da matansu ke zuwa yana da nisa, kuma rani na yi sai ya ƙafe. Suka yi shawarar haƙa rijiya. Ƙasar wurin rairayi ce, ana haƙa tana rufta, sai da suka koyi ɗaure gefenta da itacen ƙirya. Bagobirin ɗan siriri ne, ya iya shiga ƙunci. Bakatsinen ƙato ne, da ya shiga da sai a rasa mai jawo shi. Shi ya sa ɗaya ya sauka, ɗaya ya riƙe igiya. "Ba sarauta ba ce," in ji kawu, "ƙiba ce da rama."

Ranar da ruwa ya ɓullo, murna ba ta daɗe ba gardama ta tashi: sunan wa za a sa wa rijiyar? Mai shiga ya ce shi ya ga ruwan da idonsa. Mai riƙo ya ce ba don hannunsa ba da can ƙasa za a bar shi. Matansu na tsaye da tulunan da ba komai a ciki, suka gaji, suka ce to a bar wa Allah: duk baƙon da ya fara wucewa a ba shi gugan farko, rijiya ta ci sunansa. Rana na karkatawa sai ga wani mutum da jaki ɗauke da tukwane. Aka tare shi, aka miƙa masa ƙwarya, aka tambayi sunansa, ya ce Nomau. A nan kawu yakan dakata ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ya sha, ya goge baki, ya ce, 'Da ɗan kanwa-kanwa.' Ya tambayi hanyar kasuwa, ya kori jakinsa. Ba a sake ganinsa ba."

Daga nan bukkoki suka zama gidaje, Fulani suka fara biyowa da shanu, kasuwa ta kafu a gindin gawo. Turawa suka zo suka rubuta sunan yadda suka ji shi, daga baya aka gina lakol, wato makarantar boko, hanya ta ratso. Gidajen biyu kuwa suka yi ta sa wa 'ya'yansu laƙabin Nomau don jin daɗin abin, har ya zamana kowane gida yana da wani kaka Nomau a bayansa. Al'adar ba ta mutu ba: kowace yasa, gugan farko na baƙo ne.

Na yi yawo a rayuwata, fataucin goro da shanu. Na zauna Kumasi, na yi Kwatano, na hau har Agadas, na san Njamena tun tana amsa sunan wani sojan Bature, na koma na iske an sauya mata. Duk harshen da na koya, in na tambayi asalin sunan gari, labarin ɗaya ne: wanda ya ci yaƙi, ko wanda ya yi sarauta, ko waliyyin da aka binne a wurin. Ban taɓa iske garin da ya ɗauki sunan mutumin da bai kwana cikinsa ba, wanda ko yabon ruwan bai yi ba, sai namu. Na taɓa gaya wa kawu haka ina tsammanin zai ji daɗi. Sai ya ce, "To can ɗin, rijiyoyinsu na da zurfi?" Ita ce tambayarsa ta farko a kan kowace ƙasa. Ba ya tambayar sarkinsu, ba ya tambayar benaye.

Shi kansa bai wuce Maraɗi da Katsina ba. Gonarsa ta gero, awakinsa, rijiya, sai wasan dara da amininsa a gindin gawo, inda suke cika kasuwa da hayaniya kan wanda ya matsar da ɗan dutse yana kallon wani wuri. Mutum ne mai surutu, mai tsokana, amma da zarar ya naɗa igiyar yasa a hannunsa sai ya zama kurma. Ba ya amsa sallama, ba ya korar ƙuda. Idonsa na cikin rami, samarin da ke bayansa suna jiran ya ɗaga kafaɗa su ja, ya sauke su sassauta. Abin da yake gaya musu kafin a fara bai wuce kalma kaɗan ba: "Mutum ne a ƙasa. Mai magana ya koma gida." Ranar wata yasa Inna ta haifi ɗansu na fari. Aka zo a guje aka faɗa masa a kunne an sami namiji. Bai waiwaya ba. Sai da amininsa, wanda a lokacin shi ke shiga, ya fito duk jikinsa laka, sannan kawu ya saki igiya ya ce, "Me kuka ce?" Inna ba ta daina yi masa gorin wannan ba har ya rasu.

Rijiyarmu tana da zurfi, igiyar baƙi ba ta kaiwa ruwa. Saboda haka kullum akwai wani guntun igiya rataye a reshen gawon da ke bakinta, wanda kawu ya murza da hannunsa, don matafiyi ya ƙara a kan tasa ba sai ya roƙi kowa ba. Ana sacewa, yana murza wata. Ko da aka kafa famfo a tsakiyar gari, mutane suka koma can, bai daina ba. Ya ce famfo na lalacewa, kuma Bafillace ba ya bin layi da shanu.

Ni ma ya taɓa ba ni gugan farko. Na yi shekaru masu yawa ban zo gida ba, na dawo da zanen Kumasi a kafaɗa da rediyo a hannu, sai na dace da ranar yasa. An jawo ruwa, an zuba a ƙwarya, aka zuba wa hanya ido, ba baƙo. Rana ta take. Sai kawu ya juyo ya miƙo mini.

"Kawu, ni ai ɗan gida ne."

"Ɗan gidan da ya tsaya bakin kasuwa yana tambayar hanyar gidansu? An gaya mini."

Gaskiya ne, garin ya faɗaɗa, na rikice. Taubashina, wanda tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Tun daga ranar ba ya kirana sai Baƙo.

Sai shekarun da soja suka sakar wa farar hula mulki, jam'iyyu suka ɓarke, kowane bango ya sami hoto. Abin farin ciki ne, kada a ce ban faɗa ba. Mutanen da ba su taɓa buɗe baki gaban jandarma ba suka fara magana a fili. Amma a garinmu jam'iyyun ba su sha wahalar neman inda za su raba mutane ba. Unguwarmu ta bi ɗaya, unguwar Gobirawa ta bi ɗaya. Taubashina, ɗan kasuwar wake ne mai tsallaka iyaka, mai kyauta, mai son a san da shi, aka naɗa shi shugaban jam'iyya na gari. Maroƙa suka fara kiransa jikan Nomau mai rijiya. Da farko dariya yake. Daga baya ya daina dariyar.

Ana shirin babban taro, manya za su zo daga Maraɗi, ya nemi mahaifinsa ya tashi gaban jama'a ya tabbatar cewa Nomau kakansu ne. Kawu ya sa babbar rigarsa ya je. Aka miƙa masa lasifika. Ya yi sallama, ya gai da baƙi, ya tambayi gajiyarsu. Ya gai da liman. Sannan ya shiga gai da mutanen gari gida-gida, na gabas da na yamma, yana tambayar mai ciwon ƙafa da mai sabuwar haihuwa, har ya aika gaisuwa ga amininsa da ke can unguwarsu yana jin komai, ya tuna masa yana binsa wasan dara. Da ya gama ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, ya miƙa lasifikar, ya zauna.

Ina gida a lokacin, na ji abin da ya biyo baya a zaure.

"Baba, kalma ɗaya na roƙe ka."

"Na yi kalmomi da yawa, ka ƙirga."

"Ba mu da kaka Nomau? Ƙarya na yi?"

"Muna da shi. Su ma suna da nasu. Namu 'yar kuturwar akuya gare shi, ba shi da rijiya."

"To wa zai cutu in an ce namu ne?"

"Wanda zai shiga rami baɗi."

Taubashina bai ji ba. A taro na gaba shi da kansa ya ɗauki lasifika ya ce kakansa ne ya haƙa rijiya ya sa mata sunansa, waɗansu kuwa masauki aka ba su. Maganar ta isa unguwar Gobirawa kafin ya sauko daga kan tebur. Aka daina zuwa sunan juna. Mata suka raba layi a famfo.

Yasar wannan shekarar da ƙyar aka yi ta. Aminin kawu, wanda tsufa ya sa ɗansa ya gaje shi a shiga, ya zo bakin rijiya ya ce, "Don hannunka ne kawai, Bakatsine." Aka gama lafiya. Aka tsaya jiran baƙo, sai Allah ya kawo direban wata motar yaƙin zaɓe da ta yi zafi a hanya, ya zo da galan neman ruwa, da hular jam'iyyar Gobirawa a kansa. Samarin unguwarmu suka ce a jira wani. Kawu ya tambaye shi, "Ɗan nan, daga ina?" Ya ce daga Cadakori. Kawu ya ce, "Baƙo ne," ya miƙa masa ƙwarya.

Tun daga ranar taubashina ya daina cin abinci tare da mahaifinsa. Bai daina gaishe shi ba, bai daina aiko da cefane ba, amma ya janye hannunsa daga akushin da suke ci tare tun yana yaro. Zaɓe ya zo ya wuce, masu ci suka ci, manyan Maraɗi ba su sake waiwayo mu ba, hotuna suka koɗe a bango. Hannun bai dawo ba. Kawu bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Abin da na gani kawai, in an kawo tuwo yakan ci gefensa, ya bar ɗaya gefen ba a taɓa ba, ya rufe. In Inna ta yi magana ya ce ya ƙoshi ne. A haka ya rasu.

Bayan an share zaman makoki na iske taubashina a bayan gida, ya fito da igiyar daga rumbu, yana juya ta a hannu.

"Baƙo, ka zo kallon yadda zan ji kunya?"

"Shi ya hana ni komawa Maraɗi. Ka iya riƙewa kuwa, ko sai lasifika?"

"Tun ina saurayi nake bayan Baba ina ja." Ya ci gaba da juya igiyar. "In na je ba su zo ba fa?"

"Sai ka shiga da kanka, in riƙe maka. Amma da wannan tumbin, can za mu bar ka."

Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya ce, "Inna ta gaya mini zancen akushi. Me ya sa ba wanda ya faɗa mini yana da rai?"

Na ce ai a gabansa ake fita da akushin kullum.

Ranar yasa gari ya fito kamar ana sallah. Mutanen gabas suka tsaya gabas, na yamma yamma, rijiya a tsakiya. 'Yan jam'iyyar taubashina suna bayansa, waɗansu har da hulunansu. Aka daɗe ba a ga Gobirawan gidan shiga ba, har aka fara gunaguni. Can sai ga tsohon yana dogara sanda, ɗansa na biye da shi, magidanci mai iyali, ya tuɓe riga ya ɗaura walki. Tsohon ya zo har gaban taubashina, ya ɗauki bakin igiyar ya duba saƙar, ya shafa ta da babban yatsa. Bai ɗaura wa ɗansa ba.

"Ɗana," ya ce da taubashina, "na tsufa, mantuwa ta kama ni. Wanga Nomau da garinmu ke amsa sunansa, wane ne shi?"

Wani daga bayan taubashina ya yi gyaran murya. Bai waiwaya ba.

"Mai wucewa ne, Baba," ya ce. "Da jaki da tukwane."

"Ban ji ba. Kunnen ma ya tafi."

Ya ɗaga murya yadda har matan da ke can baya suka ji. "Mai wucewa ne. Ba kakan kowa ba ne. Kakanku ya shiga, namu ya riƙe."

"Don mi naku bai shiga ba?"

"Ƙato ne, Baba."

Tsohon ya dubi tumbinsa sama da ƙasa ya ce, "Na ga alama." Sannan ya sunkuya, da hannunsa ya ɗaura igiyar a ƙugun ɗansa, ya ja ƙullin, ya ɗauki ɗaya bakin ya sa a tafin taubashina ya rufe masa yatsu a kai. "Ran da aka haife ka ina ƙasa. Ubanka bai waiwaya ba. Kai ma kada ka waiwaya."

Bai waiwaya ba. Gumi na zuba cikin idonsa bai share ba. Guga na hawa da laka yana sauka, kafaɗarsa na ɗagawa tana sauka yadda ta kawu take yi, har mutumin ya fito lafiya, ya zauna a bakin rijiya yana haki.

Aka jawo gugan farko, aka zuba a ƙwarya, aka zuba wa hanya ido. Ba jaki, ba mota, ba Bafillace. Taubashina na riƙe da ƙwaryar, tafin hannunsa duk ya saɓule. Ya dubi hanya, ya dubi jama'a, sannan ya juyo gare ni.

"Baƙo, zo ka sha. Ba mu da wanda ya fi ka."

Na karɓa na sha. Ruwan na da sanyi, da ɗan duhun laka. Kowa na kallona. Na goge baki na ce, "Da ɗan kanwa-kanwa."

Dariyar ta fara daga wajen mata, ta bi gabas da yamma, irin wadda ba a yi a garin ba tun rasuwar. Tsohon Gobirawa yana dariya hawaye na bin gemunsa. Taubashina kaɗai bai yi ba. Ya naɗe igiyar mahaifinsa a hankali, ya yanki guntu daga bakinta, ya je ya rataya a reshen gawo, ya daɗe tsaye a wurin ya ba mu baya.

Allah ya jiƙan kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da waɗanda bai san sunansu ba. Amin.